Dutsen da garma ta tono

A farkon daminar bana ɗan ƙanwata ya shigo mini gida yana haki, da wani abu ƙulle a bakin riga. Ya ce, "Kawu, rufa mini asiri, ina jin daiman na tsinta." A gonarsu ta hanyar Bakori garmar shanu ta tono shi. Dutse ne garau kamar ruwan rijiya, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, gefe shida, kansa da tsini. Na ɗauko kwalba na ja shi a jikinta, ya bar zane. Na sa wuƙa a jikinsa, ko gezau. Na ce masa, "Ɗana, wannan ƙanƙarar dutse ce, irin wadda kakanninmu ke ƙyasta wuta da ita, sai dai taka ta fito da kyan sura. Ba za ta sayi babur ba, amma kada ka yar."

Ransa ya ɗan ɓaci. Ni kuwa daɗi na ji, domin rabon da in ga yaro ya duƙa ya dubi ƙasar da yake takawa har na manta.

Mu mutanen Funtua da Malumfashi da Ƙafur da Ɗanja mun san ƙasarmu ta fuskar auduga da masara da dawa da waken suya. Abin da ke ƙarƙashin kunya kuwa, kaɗan ne cikinmu suka damu da shi. Alhali a kan tsohon dutse muke zaune, kuma masana ilmin ƙasa suna da wani zirin duwatsu da suke kira da sunan Malumfashi a littattafansu. Farar ƙasar Ƙanƙara ma ba ɓoyayya ba ce. A irin wannan ƙasa akan sami jijiyoyin farin dutse da suka ratsa fako, kuma inda ka ga ƙwayoyin dutsen sun yi manya-manya, ga wani mai ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle kamar takarda, to nan ne wurin da ya cancanci a tsaya a duba da kyau.

Mai farawa ba ya buƙatar diga. Ido yake buƙata, da haƙuri, da rariya, da 'yar kwalbar ruwa. Ka fita da safe bayan an ɗauke ruwan sama, ka bi bakin ƙorama da inda zaizaya ta yanke, musamman lanƙwasar da tsakuwa ke taruwa, domin nan ruwa ke sauke abu mai nauyi. Abin da ya ja maka ido ka wanke shi, ka ɗaga shi ga rana.

Sura ita ce shaidar farko. Ƙanƙara gefe shida ce da tsini, idan ta yi shunayya ita ce amatis. Akwamarin ma gefe shida ne, amma kansa yakan zo a shafe, launinsa shuɗi mai haske. Tomalin dogo ne da zane-zane a tsaye, kuma baƙinsa ya fi yawa, ba shi da kuɗi sosai. Ganet kuwa dunƙulalle ne, ja mai duhu. Sai tauri. A ma'aunin masana, farce yana kan 2.5, kwalba wajen 5.5, ƙanƙara 7, yaƙutu 9, daiman 10, kuma na sama ne ke zana na ƙasa. Idan ka hango kumfa-kumfa a ciki, fasasshiyar kwalba ce ruwa ya goge. Mai ƙyallin zinare kuma, idan ka danna shi ya marmashe, ba zinare ba ne, domin zinare lotsawa yake yi.

Don Allah kada ka buga dutse mai kyau da guduma wai ka ga cikinsa. Tsaga ɗaya tana iya kashe masa daraja. Kada kuma ka sayar wa dillalin farko da ya taya. Zariya ba nisa, akwai sashen ilmin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, ka nemi wanda ya karanci abin ya duba maka kafin a yi maganar ciniki.

Abin da ke hana ni barci shi ne ranar da tsintuwa ta koma haƙa. Da zarar an ce wane ya samu, sai matasa su bar noma su far wa gona da ramuka, ba tokari, ba wanda ya san inda jijiyar ta nufa. Rami ya rufta da ɗan mutane, gonar gado ta zama kufai. Ga doka: tun daga kundin tsarin mulki har dokar ma'adinai ta 2007, abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, haƙa sai da lasisi ko da a gonarka ne. Ga kuma halin tsaro a dazuzzukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, wanda ba sai na faɗa muku ba. Babu dutsen da ya kai a shiga can dominsa.

Kuma mu tuna da maƙwabtanmu na Zamfara. A 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, an riƙa kai duwatsun zinare cikin gida ana daka ana niƙawa, ashe cike suke da dalma. Ƙurar ta kashe yara sama da 400. A tsakar gida abin ya faru, inda ake girki, inda jarirai ke rarrafe.

Yaron nan yanzu yana da duwatsu goma sha ɗaya a gwangwanin madara, kowanne da 'yar takarda mai ɗauke da wuri da ranar da ya tsince shi. Iyaye da malaman makaranta, idan yaro ya kawo muku dutse, ku karɓa ku duba tare da shi. Amma ina roƙonku, kada a bari kowa ya daka dutse ko ya niƙa shi a cikin gida.