Motocin da Ba a Yi wa Sanarwar Rasuwa ba

A ƙaramin rukunin da muke rubuta muƙaloli a Wikipedia ta Hausa, akwai gardamar da ta ci mana kusan mako uku, kuma a kan motocin da babu ko ɗaya cikinmu da ya taɓa shiga aka yi ta. Motocin safa ne masu tafiya da iskar haidurojin, waɗanda aka gwada a wasu biranen Turai da Kanada da Ostireliya, aka buga musu ganga, daga baya aka ajiye su shiru. Tambayar ita ce, gwajin da ya riga ya mutu ya cancanci a ba shi shafi a insakulofidiya? Ni na ɗauko maganar, don haka ni aka bar wa warware ta, tunda a aikin sa-kai wanda ya tsokano shi ke ɗauka.

Dalilin ɗauko ta kuwa, ina da shirin kimiyya a gidan rediyon da nake aiki a Yamai. Wani direban faba-faba ya kira yana tambaya a kan wata mota da ya gani a bidiyon WhatsApp, wai ruwa take sha, ruwa take fitarwa, kuma wai masu sayar da mai ne suka sa aka ɓoye ta. Na ba shi amsa a iska, amma maganar rediyo ba ta kwana, da an rufe makirufo ta bi iska. Na so a ce akwai wurin da zan tura shi ya karanta da harshensa.

Rabin abin da ya ji gaskiya ne. Motar ba ta shan ruwa, iskar haidurojin ake dura mata a tankuna bisa rufinta. Iskar na shiga wani akwati inda take haɗuwa da oksijin na sararin da muke shaƙa, haɗuwar ta ba da lantarki, lantarkin ya juya injin. Abin da ke fita ta salansa tururin ruwa ne kawai. Wahalar tana wajen samo iskar. Ba a cika samun ta zaune ita kaɗai ba, sai an ɓallo ta daga ruwa da ƙarfin lantarki, ko daga iskar gas, sannan a matse ta, a yi dakonta, a adana. Kowane mataki kuɗi ne, kuma kowane mataki yana cin wani kaso na ƙarfin da aka fara da shi.

Gwaji mafi suna shi ne wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi mai suna CUTE. Birane tara ne suka shiga: Amstadam, Baselona, Hambug, Landan, Lukzambur, Madrid, Foto, Istokholm da Shitutgat. Kowane ya karɓi mota uku ƙirar Mercedes-Benz Citaro, guda 27 ke nan, kuma Madrid ce ta fara karɓa a 2003. Wasu uku sun tafi Rekyabik ta ƙasar Aislan, uku kuma birnin Fas na Ostireliya, inda suka yi aiki daga 2004 zuwa 2007. Kuɗin kowace mota ya kai Yuro miliyan ɗaya da dubu 250, wato kimanin sefa miliyan 820. Mota ɗaya fa. Idan aka cika tankunanta tana yin kamar kilomita 200, tana kuma shan fiye da kilo 20 na iskar a kowane kilomita 100. Wasu biranen a tasharsu suke fasa ruwa su samu iskar, Madrid da Shitutgat daga gas suke tace ta, Landan kuwa a mota ake kawo mata. An tsawaita gwajin da sabon suna zuwa 2009, sannan aka naɗe tabarma.

Wanda ya fara tsayawa gabana shi ne dattijon rukuninmu, tsohon malamin makaranta daga Damagaram, wanda duk muke kira Baba. Ya ce, "Ɗana, garuruwa nawa ne tsakanin Magarya da Matamai da ba su da ko layi biyu a nan? Koramar da ta shayar da kakanninmu ba mu gama rubuta ta ba, za ka kwashi dare kana wa mushen motar Turawa wanka?" Na ce, "Baba, ai shafi ba fili ba ne da za a ce wani ya cinye wa wani." Ya ce fili bai ƙare ba, amma mu ne 'yan kaɗan, kuma kuɗin intanet daga aljihunmu yake fita. Wannan magana ce mai nauyi, ban kuma ɗauke ta da wasa ba. Sai dai hukunci ne a kan abin da ya kamata a fara, bai taɓa batun cancanta ba.

Sukar da ta fi ba ni aiki daga wata ƙanwarmu ta zo, ɗalibar injiniya. Ta ce, "Yaya, ka duba majiyoyin da ka tara. Kamfanin da ya ƙera motar ne ke magana, sai wanda ya sayar da iskar, sai hukumar da ta biya kuɗin. Idan ka rubuta da su, talla ka fassara." Ta yi daidai da ƙa'idar gidan. Wikipedia ba ta tambayar ko abu ya yi nasara, ko yana raye. Abin da take tambaya shi ne ko majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da hannu a cikin abin, sun yi magana a kansa da zurfi, ba ambato a wucewa ba. Kuma akwai ƙa'ida ta biyu da na riƙe da kyau: cancanta ba ta ƙarewa da lokaci. Abin da ya cancanta a 2004 bai rasa cancanta don an kai shi bola a 2010 ba. In da mutuwa na soke shafi, da babu daular da za ta rage a ciki.

A nan ne aikina na yau da kullum ya taimake ni, don na san yadda ake samar da irin waɗannan majiyoyi. Ranar ƙaddamarwa kowa ana gayyatarsa. A turo takarda, a turo mota, a kafa rumfa, minista ya yanke kyalle, a raba lemo da jawabin da aka riga aka buga. Da yamma gidajen rediyo biyar su karanta labari ɗaya da kalmomi ɗaya. Wanda ya zo bayan shekara ashirin zai ga kamar majiya biyar ce, alhali baki ɗaya ne ya yi magana sau biyar. Ranar rufewa kuwa babu rumfa. Ba a aiko takarda a ce ku zo ku ga yadda kuɗin jama'a suka ƙare. A gidanmu ko tsohuwar da ba ta taɓa barin ƙauyensu ba ana biya mata sanarwar rasuwa, a faɗi lokacin jana'iza, amma aikin miliyoyi sai ya mutu babu mai cewa uffan. Shi ya sa ma'ajiyar labarai ke cike da haihuwa, ga ƙarancin mutuwa. Daga wannan giɓin ne irin bidiyon da direban nan ya gani ke tsirowa: mutum ya ga hoton ƙaddamarwa, bai ga ƙarshe ba, sai ya cike da cewa ɓoyewa aka yi.

Sai na ɗauki ma'aunin ƙanwar tawa na mayar da shi rariya. Duk gwajin da zan ba shafi, sai na samu wanda ba ya ciki da ya ba da labarin ƙarshensa.

Na Wisila ya wuce ba tare da jayayya ba. Gari ne na masu wasan ƙanƙara a yammacin Kanada, inda aka zuba mota 20 saboda gasar Olamfik ta hunturu ta 2010, kuma a lokacin babu inda ya kai shi yawan irin waɗannan motoci a duniya. Aikin ya ci kusan dalar Kanada miliyan 90. Iskar da suke sha daga lardin Kebek ake ɗauko ta, can gabashin ƙasar, tafiyar dubban kilomita a tankar da ke ƙona gazuwal. Motar da aka saya don kada ta yi hayaƙi, sai da wata ta yi hayaƙi daga wannan bangon ƙasa zuwa wancan kafin ta tashi. A 2014 aka dakatar da su, aka koma motocin gazuwal. 'Yan jaridar Kanada sun bi zancen, sun yi lissafin kuɗin gyara da na gudanarwa, sun tambayi hukuma. Yana da farko, da tsakiya, da ƙarshe, da shaidu na waje. Ya samu shafinsa.

CUTE ma ya samu, amma guda ɗaya tak. Na ƙi yarda a yi tara, kowane birni da nasa. Mota uku a Foto, mota uku a Lukzambur, ƙira ɗaya, kuɗi daga asusu ɗaya: in ka raba su za ka samu shafuka tara masu maimaita juna, kowane da jimla biyu tasa ta kansa. A haɗe kuwa mai karatu zai ga abin da gwajin ya nufa tun asali, wato kwatanta sanyin Istokholm da zafin Madrid, da iskar da aka fasa daga ruwa da wadda aka tace daga gas. Rekyabik da Fas suka shiga ciki a matsayin sassa.

Na Mamfeliye ta Faransa ban ba shi ba, duk da shi ya fi daɗin bayarwa a rediyo. A watan Janairun 2022 birnin ya soke shirin sayen mota 51, bayan lissafi ya nuna gudanar da su zai ninka na motocin batir kusan sau shida. Labari ne mai ma'ana, amma babu motar da ta hau titi. Sakin layi ɗaya ya ishe shi a babbar muƙalar motocin haidurojin, inda zai yi wa mai karatu amfani fiye da in an keɓe shi a lungu.

Da na kai wa Baba wannan rabo, na haɗa masa da abin da ke gaban idonmu. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, an yi bikinsa a Janairun 2016, kuma bai taɓa zama hanyar da talaka ke sayen tikiti ya hau ba. Yaron da aka haifa a shekarar zai girma ya ga ƙarafa, ya tambaya. Na ce, "Baba, in muka kafa cewa abin da bai ɗore ba ba ya shiga, da hannunmu muka rufe wa wannan ƙofa." Ga shi kuma zancen haidurojin ya riga ya ƙetaro. A ƙauyen Burakebugu na Mali akwai rijiyar da aka haƙa a 1987 don neman ruwa, sai ga iskar tana fitowa da kanta, har daga baya aka riƙa kunna wa ƙauyen wuta da ita. Ranar da wani zai zo wa magajin garinmu da hotunan motoci masu fitar da tururi, zan so ɗan majalisar da zai ɗaga hannu ya riga ya karanta lissafin Wisila da Hausa.

Saura kalma ɗaya da muka ja a kanta, wato "gazawa". Ƙanwata ta so a sa ta a jimlar farko. Na hana, don ba mu ne alƙalai ba, kuma shaidar ba ta tsaya gefe ɗaya ba. Motocin CUTE sun yi aikin da aka ɗora musu, sun ɗauki fasinja shekaru, kuma ƙirar da ta biyo bayansu ta rage shan iskar da fiye da rabi. Landan da ta ajiye nata uku a 2007 ta sake ɗauko wasu a layin RV1, aka rufe layin a 2019, sannan a 2021 ta fito da masu bene guda 20. Wannan gazawa ce ko mataki? Muƙalar za ta faɗi ranar farawa, da ranar tsayawa, da kuɗin da aka kashe, da dalilin da hukuma ta bayar, da abin da masu suka suka ce, kowane da sunan mai maganarsa.

Baba ya amince, amma da sharaɗi: duk muƙalar waje da na rubuta, sai na biya ta da ta gida guda biyu. Shafi biyu na ɗauka, don haka huɗu ake bi na. Na layin dogon Doso na ce nawa ne. Sauran ukun shi zai zaɓa, kuma ya riga ya turo mini sunan farko, Korama.