Damagaram ta Tanimu da gardamar asali a lokacin zaɓe

Matafiyin da ya baro Yamai ya nufi gabas, ya ratsa Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ya wuce mararrabar Maraɗi da Tasawa, sai ya share kusan kilomita 900 kafin ya hango manyan duwatsun nan da suka hau kan juna. Su ne ke shaida masa ya iso Damagaram, wadda takardun gwamnati ke kira Zinder. A kudu ga Birni, inda fadar sarki take da lungunanta da zaurukan da aka yi wa zane a goshi. A arewa ga Zango, masaukin ayari tun zamanin raƙuma. Tsakaninsu ga sabon gari, wanda ya tashi a zamanin Nasara, da ofisoshinsa da kantunansa.

Wanda ya shiga kasuwa ran Alhamis zai ji Hausa a kowane baki, amma fuskoki iri-iri ne. Ga Babarbare da tsagensa, ga Buzu da amawalinsa, ga Bafulatana da ƙwaryar nono, ga Tubawa da Larabawa da suka gangaro da dabbobi daga wajen Gure da Tasker. Babu mai tambayar asalin abokin cinikinsa kafin ya ce albarka. Amma da zarar zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, sai tambayar da kasuwa ba ta yi ta fito daga bakin ƴan siyasa. An daɗe ana zargin Damagarawa da cewa ba su jefa ƙuri'a sai ga nasu. A 2021 kuma zargin ya ƙara nauyi, har aka shigo da maganar launin fata. Ya kamata mai karatu ya auna waɗannan zarge-zarge da tarihin garin.

Gidan sarautar Damagaram kansa na baƙi ne. Malam Yunus, wanda ake jingina kafuwar masarautar gare shi a wajejen 1730, mutumin Barno ne, kuma jikokinsa sun daɗe suna kai gaisuwa ga sarakunan Barno. Har yau sunayen sarauta irin su Ciroma da Ballama na tuna wannan asali, ko da yake Hausa ce harshen fada. Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya yi dogon mulkinsa daga 1851 zuwa 1884, shi ya ɗaukaka garin: ya ƙarfafa ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa, ya jawo fataken Tarabulus da Gadamus suka zauna a Zango. Fatu da gashin jimina na tafiya arewa, tufafi da bindigogi na zuwa kudu. Ba a ɓoye gaskiya: bayi ma na cikin kayan da ayari ke ɗauka. Wannan ciniki ya bar tabo a zukata game da fari da baƙi, kuma mai neman tayar da husuma ya san inda tabon yake.

Sai Nasara suka zo. A watan Mayu na 1898 Sarki Amadu Kuran Daga ya sa aka kashe kaftin Kazamaju. A 1899 Faransawa suka ci sojojinsa a Tirmini suka shiga gari. A 1906 suka zargi Sarki Amadu ɗan Bassa da ƙulla makirci, suka tuɓe shi suka kai shi Kodebuwa, sarautar ba ta dawo gidanta ba sai a 1923. Duk da haka Damagaram ce babban birnin ƙasa daga 1911 har zuwa 1926, lokacin da aka kwashe mulki aka kai Yamai. Dalilin da aka bayar shi ne ƙarancin ruwa. Dattawan gari kuwa suna cewa Nasara bai taɓa amincewa da birnin da ya kashe masa hafsa ba, wanda kuma fuskarsa ke duban Kano, ƙasar Ingilishi.

Ko wane ne dalilin, abin da ya biyo baya a fili yake. Inda gwamna ya zauna, nan manyan makarantu da ofisoshi suka taru. Shugabanni uku na farko, Jori Hamani da Saini Kunce da Ali Shaibu, duk mutanen yamma ne, alhali mafi yawan jama'a da gyaɗar da ke kawo wa ƙasa kuɗi suna tsakiya da gabas. Ashe ƙorafin ɓangaranci a ofis aka haife shi, wurin rabon muƙami da kujerar lakwal, kasuwa ba ta san da shi ba. Shaida kuwa ita ce, a shekarun neman ƴanci talakawan Damagaram da yawa sun bi Sawaba, wadda shugabanta Jibo Bakari mutumin bakin kogi ne, ba Bahaushe ba.

Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda ɗan Damagaram, masanin tarihi Andire Salifu, ya shugabanta, shi ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. A wannan shekara aka kafa CDS-Rahama, wadda tushenta ke Damagaram, kuma tun ranar farko abokan hamayya suka liƙa mata sunan jam'iyyar ɓangare. To, amma a duba zaɓen 1993. A zagayen farko, ran 27 ga Fabrairu, Tanja Mamadu na MNSD-Nasara ya samu kashi 34 cikin 100, Mahaman Usman na CDS ya samu kashi 26 da ɗoriya. Dukansu mutanen gabas ne, domin Tanja ɗan Maine-Sorowa ne a jahar Difa. Wa ya ɗora Usman a kan kujera ran 27 ga Maris da kashi 54? Ƙawancen AFC ne, wanda a cikinsa akwai Mahamadu Isufu na Tawa, da Mumuni Adamu Zarmakwai, ɗan gidan sarautar Doso, wanda ya sa wa jam'iyyarsa suna da Hausa, Zaman Lahiya. A 1999 kuma, da Usman ya zo na uku, Tanja ya mara wa baya, ba Isufu Bahaushe ba. Hausawa na cewa naka sai naka, amma lissafin siyasar Nijar ya sha ƙaryata wannan magana.

Zaɓen 2020 zuwa 2021 shi ne ya kai gardamar inda ba ta taɓa kaiwa ba. Waɗanda suka rage a zagaye na biyu dukansu jahar Damagaram ce ta rene su. Mahaman Usman, na RDR-Canji, a birnin aka haife shi a 1950. Muhammad Bazum, na PNDS-Tarayya, ya tashi a Tasker, ya yi karatu a Gure, ya ƙare sakandare a makarantar da ke ɗauke da sunan Amadu Kuran Daga, kuma mazaɓar Tasker ce ta tura shi majalisa tun 1993. Sai dai shi Balarabe ne na Aulad Sulaiman, ƙabilar da ta baro Fazzan ta zauna a yankin tafkin Cadi tun tsakiyar ƙarni na 19. Tsarin mulkin 2010 ya ce ɗan takara sai ya kasance ɗan Nijar na asali. Da wannan aya ƴan adawa suka kai ƙara a kan takardunsa, Kotun Tsarin Mulki ta yi watsi da ƙarar. Kotu ta rufe shari'a, amma ba ta rufe bakin jama'a ba. A wuraren taro da saƙonnin WhatsApp aka yi ta kiransa baƙo, ana nuni da hasken fatarsa. Magoya bayansa suka ce wannan wariyar launin fata ce tsantsa. Abokan hamayya suka ce su takarda suke tuhuma, kuma ana fakewa da kalmar wariya ne don a toshe bakin mai ƙorafi a kan maguɗi da shekaru goma na mulkin PNDS.

Ran 21 ga Fabrairu 2021 aka kaɗa ƙuri'a. Hukumar zaɓe ta ba Bazum kashi 55 da ɗoriya, Usman ya ce shi ya ci. Tarzoma ta tashi a Yamai da wasu garuruwa, gwamnati ta ce mutum 2 sun mutu, an kama sama da 400. An tsare Hama Amadu, wanda ya goyi bayan Usman bayan an hana shi takara, bisa zargin farfagandar ɓangaranci da kalaman haɗa ƴan ƙasa faɗa, mutanensa kuwa suka ce bi-ta-da-ƙulli ne na siyasa. Amma taswirar ƙuri'un ta ba mai zargin ƙabilanci wahala. Hausawan Tawa sun tsaya da yawansu bayan Balarabe. Yamai, birnin Zabarmawa, ta ba ɗan Damagaram babban rinjaye. Saini Umaru na Tilaberi kuma Bazum ya bi. Jam'iyya da ƙawance da alkawarin muƙami sun fi jini ƙarfi a cikin akwati.

Wannan ba ya wanke waɗanda suka furta munanan kalamai. Baki shi ke yanka wuya. A 2006 gwamnati ta sanar da korar Larabawan Mahamid daga jahar Difa, sannan ta janye bayan ƴan kwanaki, abin da ya nuna cewa maganar asali na iya tashi daga dandalin taro ta zama umurnin hukuma. A Kodebuwa irin wannan gardama ce ta hana Alasan Watara takara a 2000, kuma a 2002 ƙasar ta rabu biyu da yaƙi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Haka kuma ba adalci ba ne a kira duk wanda ya ƙi ɗan takara mai wariya. Matar da ta kwana a layin famfo a garin da matatar man SORAZ ke aiki kusa da shi tun 2011 tana da dalilin fushi wanda ba ya buƙatar duban fatar kowa.

Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka tuɓe Bazum suka tsare shi, a watan Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa. Tutocin Rahama da Tarayya da Canji sun sauka, tambayar kuwa tana nan tana jiran ranar da akwati zai dawo. Damagaram na da amsar da za ta ba ƙasa: masarauta ce da Babarbare ya kafa, Bahaushe ya ba ta harshe, Buzu da Balarabe suka kawo mata kasuwa, kuma har yau Babarbare da Bafulatani na tsokanar juna da wasan taubasai ba tare da an zare wuƙa ba. Ɗan kasuwa da ma'aikaci, su da suka fi kowa asara idan gari ya hargitse, su ya kamata su fara tambayar ɗan takara abin da zai yi wa ruwa da hanya da makaranta, kafin wani ya tambaye shi sunan kakansa. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya.