Ni Da 'Yar Motar Tsere

Jama'a, tun da abokai suka ji na fara hawan 'yar motar tseren nan, go-kat, suka hana ni sakat. Wai ƙato da furfura a motar yara! Uwargida kuwa cewa ta yi kuɗin littafi nake ƙonawa.

To, ba ta yara ba ce. Wani Ba'amurke, Art Ingels, ya fara ƙera ta a 1956, kuma da ita Ayrton Senna da Lewis Hamilton suka fara tsere. Ta haya injinta irin na janareta ne, babu giya, dama totur, hagu birki, kujera dab da kwalta.

Ni kwana ce ta kama ni. A miƙaƙƙiyar hanya kowa gwani ne. A kwana kuwa sai ka taka birki tun kafin ka shiga, ka lallaɓa ta, sannan ka ba ta wuta. Minti 10 nake saya duk sanda na kai littattafai Legas. A cikinsu ba na tuna bashina da ke hannun 'yan kasuwa, balle labarin da ya ƙi ƙarewa. Kafaɗa ce dai sai ta yi kwana biyu tana ciwo.