Kun San Sarkin Ƙarfi, To Wa Ya San Pancham?

Yau labarin wani bawan Allah zan ba ku, wanda na tabbata da yawanku kun sha rausayawa da aikinsa a tsakar gida, amma in aka ce ku faɗi sunansa sai a yi tsuru-tsuru.

Mu dai a gidanmu da fim ɗin Indiya muka buɗi ido. Duk ranar da aka kawo wuta sai Yaya ta aika a yo hayar kaset, mu cika ɗakin Inna har da 'ya'yan maƙwabta. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Govinda Sarkin Rawa, kowa da sunan da muka laƙa masa. Ni a lokacin na ɗauka jarumar ce ke rera waƙar da bakinta. Ashe mai rubuta baitoci daban, mai rerawa daban, sannan ga wanda ke ƙirƙiro karin waƙar ya ɗora mata kiɗa, shi kuwa ko inuwarsa ba ma gani.

Abin da ya sa na san shi ba daɗi ba ne. Littafina na uku sai da na sayar da 'yan kunnena na gwal kafin na buga shi. Bayan wata shida na je karɓar kuɗi, mai shagon ya nuna min kwali biyu ko buɗe su ba a yi ba, ya ce, "Hajiya, sai haƙuri, yayi ya wuce, yanzu 'yan mata a waya suke karatu." Wallahi ban san yadda na kawo kaina gida ba. Da daddare ina wanke-wanke cokali ya daki kofin gilashi, sai ƙarar ta tuno min da waƙar nan ta Yaadon Ki Baaraat, wadda Zeenat Aman ke rungume da gita. Don in ɗauke hankalina na ce wa ƙanena ya binciko min wanda ya yi kiɗan.

Sunansa Rahul Dev Burman, ana ce masa Pancham. An haife shi a Kalkata a 1939. Gado ya yi, domin mahaifinsa S. D. Burman babban mai kiɗan fim ne, kuma a ƙarƙashinsa ya yi ta ƙwadago kafin ya samu fim nasa na kansa, Chhote Nawab, a 1961. Teesri Manzil na 1966 shi ya fito da shi. Daga nan sai Amar Prem, sai Sholay a 1975, har ya yi wa finafinai 331 kiɗa. Ƙarar nan ta farkon waƙar kuwa da gaske cokali ne da gilashi. A Sholay har bakin kwalba aka hura. Mutumin da kayan madafa ma kayan kiɗa ne a wurinsa!

Bari in ɗan ratse, don na san za ku so ku ji. Aurensa na fari bai ɗore ba. A 1980 ya auri mawaƙiya Asha Bhosle, ƙanwar Lata Mangeshkar, bazawara mai 'ya'ya uku, kuma ta girme shi da shekara shida. Da a unguwarmu ne da gulmar ta kai bara war haka.

Inda ya taɓa min zuciya shi ne ƙarshen shekarun 1980. Finafinan da ya yi wa kiɗa suka yi ta faɗuwa a jere, kasuwa ta koma wajen su Bappi Lahiri masu disko. Masu shirya fim da a da ke layi a ƙofarsa suka ɗauke ƙafa. Ram Lakhan na 1989, wanda ya sa rai shi za a ba, sai ji ya yi an miƙa wa Laxmikant da Pyarelal. Ga ciwon zuciya ya kama shi a 1988, har sai da aka yi masa aiki a Landan. Ke 'yar uwa, ki auna: hannun nan dai shi ne, kunnen nan shi ne, babu abin da ya ragu, amma an ce yayinsa ya wuce. Kalmar da aka faɗa min ke nan, shi ya sa na karanta wurin sau uku.

Ana cikin haka Vidhu Vinod Chopra ya ba shi fim ɗin 1942: A Love Story. Bai bi yayin disko ba, ya yi waƙoƙi masu sanyi irin nasa. Ya rasu ranar 4 ga Janairu, 1994, yana da shekara 54, fim ɗin bai ko fito ba. Da ya fito Indiya ta ɗauka, aka ba shi kambun Filmfare, na ukunsa, alhali ba ya duniya. Ni wannan karramawar haushi ta ba ni. Ina amfanin tafin da mai shi ba zai ji ba? Ina suke lokacin da yake zaune wayarsa ba ta ƙara?

Kwalayen nan biyu na sa an kwaso min su, suna ƙarƙashin gado. Maigida ya ce in rabar da su in huta, na ce a'a, a bar min kayana. Shekaranjiya na aiki yarinya ta sayo min sabon littafin rubutu da biro biyu, har na kai shafi na goma sha ɗaya.