Kwatar Yawuri: Abin da Tsohuwar Taya Ke Yi wa Jirgin Ruwa

Garin Yelwa, hedkwatar masarautar Yawuri a jihar Kebbi, yana bakin kogin Neja ne, wanda muke kira Kwara. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwan ya faɗaɗa ya zama tafki, jirgin ruwa kuma ya ci gaba da zama motar mutanen tsibirai da ƙauyukan gaɓa. Ranar kasuwa mun ga jirage jere a kwata, wasu na sauke kifi da buhunan shinkafa, wasu na lodin fasinja da babura.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tsofaffin tayoyin mota da aka rataya a gefen manyan jiragen. Ba ado ba ne. Jirgin da aka ɗaure ba ya tsayawa cik. Iska da igiyar ruwa suna ta kaɗa shi, ya bugi na kusa da shi ko ya gogi dutse. Katako in ya haɗu da katako, duk ƙarfin bugun a wuri ɗaya yake sauka. Taya kuwa lotsawa take yi, ta rarraba ƙarfin, ta kuma sa bugun ya sauka a hankali. Wannan darasin kimiyya ne da muke yi a aji, ga shi a aikace. Hatta manyan jiragen ƙarfe a tashar Apapa ta Legas, da katafaren roba ake tare su kada su bugi siminti.

Jiragen nan da falankin katako ake haɗa su, a buga ƙusa, a cusa auduga ko tsumma a tsakani, a shafe da kwalta. Kowane bugu yana sassauta ƙusa, yana buɗe kafa. Ba a ranar ake ganin ɓarnar ba, sai jirgi ya ɗauki kaya ya kai tsakiyar ruwa.

Shi ya sa matuƙi mai hankali yake rage wuta tun daga nesa, ya shigo da goshin jirgi kan yashi ko laka, ya ɗaga injin kada farfela ta ci ƙasa. Ɗaurin igiya ma da dabara. Ruwan tafkin yana hawa yana sauka bisa lokacin shekara. In an ɗaure tamau aka bar jirgi kwana da kwanaki, ruwa ya janye, sai ya zauna kan dutse ko kututture. In igiya ta yi sako-sako da yawa, sai ya riƙa karo da maƙwabtansa.

Maganar ta wuce ta kuɗin gyara. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya tarwatse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasu, hukumomi kuma suka danganta haɗarin da tsufan jirgin da lodi fiye da kima.

Don haka duk ɗalibin da zai shiga jirgi, ya duba kafin a tashi. Akwai tsaga a katako? Ruwa na taruwa a ƙasa ana ta kwarfewa? Gefen jirgin ya kusa shafar ruwa saboda nauyi? In haka ne, gara a jira na gaba. Rigar kariya kuma a sa ta, ko da tafiyar tsallake ɗaya ce.