Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi

Mu ɗaliban Hausa mun sha kawo wannan karin magana a jarrabawa, mu yi sharhi cewa ɗa halin gidansu yake ɗauka, malam ya ba mu maki. To amma da za a kwashi ajinmu a kai mu gindin tsamiya da asuba, a ce kowa ya rufe ido ya faɗi sunan mai kukan da yake ji, ina jin da wuya a sami mutum biyar da za su wuce kurciya da hankaka.

Ni dai sauraron tsuntsaye shi ne abin sha'awata, kamar yadda wasu suke da ƙwallo, wasu dara. Garinmu Gammo, cikin ƙaramar hukumar Kabo, yamma da Kano ta wajen Gwarzo. Ba ni da madubin hangen nesa, ban kuma damu ba, domin tsuntsu yana iya ɓuya cikin ganye, amma da ya buɗe baki ya tona kansa.

Mai son koyo ya fara da dangin kurciya, don su ne kullum a kusa. Kurciyar gida gajeren kuka gare ta, gaɓa biyar ko shida, ta ɗaga a tsakiya sannan ta sauke, kamar mai dariya ciki-ciki. Hasbiya ta fi ta kaurin murya, gaɓa guda take ta maimaitawa tana ƙara ƙarfi, galibi daga kan giginya ko soro. Shi kuwa bardo, ɗan ƙarami mai doguwar wutsiya, sai wuri ya yi tsit ake jin sa. A nan ne na ga darasin karin sauti da muke ƙorafi a kansa bai tsaya a allo ba. Kunnen da ya iya raba kukan yaro da kukar miya, alhali baƙaƙe da wasulan duk ɗaya ne, ai ba zai kasa raba kurciya da hasbiya ba.

Wanda na fi so shi ne ragon maza. Da damina, idan sarƙaƙiyar bakin rafi ta yi duhu, sai ka ji kamar ana tuttular da ruwa daga gora mai ƙaramin baki: ya fara daga sama, ya yi ta gangarowa, kafin ya rufe baki wani ya amsa masa daga tsallake. Idan ka gan shi ba ka ƙara tambayar dalilin sunansa, don tashi ma ƙyuya yake yi, ya fi son tsalle daga reshe zuwa reshe. Suda kuma Hausawa sun ba ta shaidar surutu, amma ni a kunnena fito take yi, irin na wanda ya gama huɗa da wuri yana hanyar gida. Fakara ba ta da wannan daɗi, kururuwa ce kawai mai kaushi daga kan suri, da sassafe da kuma dab da magariba.

Kada mai karatu ya ɗauka abin wasa ne kurum. Tsofaffin da ke kiwon zabi da kunne suke tantance mace da namiji, tun da a ido kusan ɗaya suke: zabuwa ce kaɗai ke yin kukan nan mai gaɓa biyu, namijin guda-guda yake yi. Da dare kuma, in ka ji fito sau uku a jere yana wucewa ta sama, kirinjijiya ce, kuma ruwa take bi, irin na dam ɗin Guzuguzu. Shamuwa ce dai ta gagare mu, ta zo da ruwan farko ta tafi bayan damina ba ta ce wa kowa uffan ba, sai ɗan ƙwanƙwasa baki a sheƙa.

Abin da ke damuna shi ne inda wannan sani yake zaune. Bargery ya tara sunayen tsuntsaye da dama a ƙamusunsa na 1934, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006, amma takarda suna take riƙewa, ba ta riƙe murya. Muryar tana kunnen makiyaya da maharba da yaran da ke korar tsuntsaye a gonar gero, ga shi itatuwan da tsuntsayen ke sauka sai ƙarewa suke yi a murhu. Dattawanmu suna kwaikwayon kukan gauraka, ni kuwa a bakinsu kawai na taɓa jin sa, domin ta kusa ƙarewa a Nijeriya. Gaskiya ne akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a Jos tun 2001, kuma a 2021 Jami'ar Cornell ta Amurka ta ƙara wa manhajarta Merlin dabarar gane tsuntsu ta kukansa. Madalla. Amma ko na'ura ta gane shi, ba ita za ta faɗa maka abin da mutanen Gammo ke kiran sa ba.

Saboda haka duk hutu nakan ɗauki kuka a waya, in kai wa tsofaffi a majalisa bayan la'asar, in rubuta sunan da suka ba ni tare da karin sautinsa. Da Ƙungiyar Hausa za ta roƙi kowane ɗalibi ya zo da goma daga garinsu, da mun ga yadda Kananci da Katsinanci da Sakkwatanci suke rabon sunayen. Ko a majalisa guda akan saɓa. Akwai wani ɗan fito da na saka wa dattawa biyu, kowa ya ba shi suna dabam, suka yi ta musu har aka kira magariba. Na rubuta duka biyun.