Jami'ar Ƙasashe Da Yawa: Wa Ya Kafa Ta, Wa Kuma Ke Karɓar Takardarta?

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Amma cinikin ilmi ba haka yake ba, domin mai saye ba ya ganin huji sai bayan shekara huɗu, sa'ad da kuɗi ya ƙare, yaro ya komo gida da takarda mai tambarin zinariya, aka kai ta Abuja aka ce ba a san da ita ba. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami domin in yi magana a kan wata irin jami'a wadda sunanta ke da kwarjini ƙwarai, watau wadda gwamnatocin ƙasashe dabam dabam suka haɗa kai suka kafa.

Ni mutumin Manchok ne, a ƙasar Moro'a ta Ƙaramar Hukumar Kaura, ba nisa da Kafanchan. Mutanenmu manoma ne, amma ba abin da suke sha'awar bar wa 'ya'yansu kamar boko. Tun da na kama aikin jarida da 'yar difilomata, dattawa suka ɗauka na san kome, saboda haka in na je gida ba na rabuwa da masu kawo mini takardu in duba. Wani hutun ƙarshen shekara kawuna ya zo da takardar tallar wata makaranta ta ƙetare, ya ce, "Ɗana, karanta mini wannan. An ce ta ƙasashen duniya ce, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta san da ita. Ina so in sayar da masarar bana in tura ƙanenka." Na ce, "Kawu, ka dakata tukuna. Wanda ya kafa makaranta dabam, wanda zai karɓi takardarta kuma dabam." Wannan amsa ce nake so in warware wa masu karatu, gama na san ba a Manchok kaɗai ake wannan tambaya ba.

Irin wannan jami'a akwai ta, har ma ga ɗaya a maƙwabta. Cikin watan Fabrairu na 1974 shugabannin ƙasashen Musulmi suka taru a Lahore ta Pakistan, suka yanke shawarar kafa jami'o'i biyu a Afirka, ɗaya a Nijar, ɗaya a Uganda. Ta Nijar aka gina ta a Say, tsohon garin malamai a bakin kogin Kwara, kudu da Yamai, inda Baturen nan Barth ya ƙetare kogi a 1853. Ta buɗe ƙofa a 1986. Ta Uganda kuwa ta fara karatu a Mbale a 1988. Uwarsu ita ce ƙungiyar OIC, wadda aka kafa a 1969, mai ƙasashe 57 a yau. Ɗaliban Nijeriya da dama sun yi karatu a cikinsu, sun komo sun yi wa ƙasa aiki.

To, mene ne matsayin irin wannan jami'a a shari'a? Jami'ar Ahmadu Bello dokar ƙasa ɗaya ce ta haife ta. Ita kuwa wannan, yarjejeniya ce tsakanin gwamnatoci ta haife ta, sa'an nan a ƙulla wata yarjejeniyar da ƙasar da ta ba ta masauki, wadda za ta fayyace batun fili da haraji da alfarmar ma'aikata. Wannan ke ba ta ikon mallakar dukiya, da ɗaukar malamai, da buga tambarinta a takarda. Amma duk da haka baƙuwa ce a gidan wani. Shi ya sa jami'ar Mbale, duk da girman uwarta, sai da Uganda ta yi mata doka ta musamman a 1990.

Ko Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta tsallake wannan ba. Ta amince da kundin jami'arta a 1973, jami'ar ta fara aiki a Tokyo a 1975, amma ta shafe shekara talatin da ɗoriya tana bincike, ba ta ba kowa digiri ba, sai da aka gyara kundin a 2009. Haka kuma Jami'ar Afirka Baki Ɗaya, wadda Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2011, ba ta tsaya ita kaɗai ba. Ta raɓu da tsofaffin jami'o'i, har da ta Ibadan, ana ba da digiri da sunan su biyun. Masu waɗannan manyan gidaje sun san cewa yarjejeniya tana haihuwar makaranta, amma ba ta tilasta wa wata ma'aikata a wata ƙasa ta ɗauki ɗalibinta aiki.

A nan ne gizo ke saƙar. Nijeriya ta zama cikakkiyar wakiliya a OIC a 1986, shekarar da jami'ar Say ta buɗe. Duk da haka ɗan Nijeriya da ya gama a can, ko a Mbale, ko a Ingila, ƙofa ɗaya zai bi. Zai kai takardarsa Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya a tantance ta, kafin ya sami shiga bautar ƙasa, wadda aka kafa tun 1973. In likita ne, sai ya zauna jarrabawar majalisar likitoci. In lauya ne, sai ya bi ta Makarantar Lauyoyi, da ƙarin karatu a kan dokokin ƙasar nan. Ba wani tambari, kome kyansa, da zai ɗauke masa waɗannan.

Sauran maganar da ta ruɗi kawuna, watau cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta san da makaranta. Sashe na 102 na kundin Majalisar ya ce a yi rajistar yarjejeniyoyin ƙasashe a ofishinta. Ajiya ce kurum, kamar yadda magatakarda ke shigar da takarda a littafi. Ba ya nufin an leƙa aji an ga malami, ko an ƙirga littattafan laburare. Hukumar UNESCO ma ba ta tantance jami'o'i. Abin da ta yi shi ne shirya yarjejeniyoyi domin ƙasashe su riƙa duba takardun juna da adalci, kamar ta Arusha ta 1981, wadda aka sabunta a Addis Ababa a 2014. Hukunci na ƙarshe yana hannun kowace ƙasa.

Wanda ke ganin wannan tsanani ne, ya tuna abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da wani ɗan jarida ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Wake ɗaya ya ɓata gari: waɗanda suka sayi takarda da waɗanda suka yi karatu da guminsu, duk suka shiga zullumi tare. Iyayen da suka sayar da amfanin gona su ne suka fi kowa kwana ba barci.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce jami'ar da ƙasashe suka kafa ba ta da daraja ba. Wadda take ta gaskiya alheri ce babba, tana haɗa ɗan Kano da ɗan Bamako a aji ɗaya, abin da siyasa ta daɗe tana nema. Abin da nake tsoro shi ne masu aron rigarta, waɗanda suka gane cewa talaka yana jin nauyin kalmar "ƙasa da ƙasa", suna lulluɓe shago da ita.

Saboda haka, ya kai uba, kafin ka kwance bakin buhu, yi tambaya uku. Waɗanne gwamnatoci ne suka kafa makarantar, da wace yarjejeniya? Hukumar ilmi ta ƙasar da take zaune ta amince da ita, da kuma fannin da ɗanka zai karanta? Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya za ta karɓi takardarta? Ta ukun nan a nemi amsarta a rubuce daga ma'aikatar kanta, ba daga bakin dillali ba. Ita kuma gwamnati ya kamata ta riƙa bayyana sunayen makarantun da ta yarda da su a rediyo, cikin Hausa da sauran harsunanmu, domin manomi ba ya shiga intanet neman jerin sunaye. Kuɗin mota zuwa Abuja bai kai kuɗin shekara huɗu ba, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, ya tsare gumin iyayensu.